Hannu Rabbana a Summerfield

Shekarar da na biyo maigidana garin Greensboro na Amurka, 1984, komai na garin kamar a mafarki nake ganinsa. Ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa, ni kuma amarya, ko iska ta kaɗa sai in ji kamar don ni ta kaɗa.

A ƙasan benenmu akwai wani dattijo, mutumin Katsina, da ke karatun digiri na uku tare da maigidana. Malam muke ce masa. Maigidana ya ce a gida ba a taɓa sauke tukunya a gidan Malam ba a kai akushi biyar zaure ba. A nan kuwa ɗaki ɗaya gare shi, kuma yawanci da mu yake cin tuwon dare.

Malaminsu Bature yana da gona a Summerfield, duk wata yakan kira ɗalibai cin abinci ranar Asabar da rana. Na ga mata suna shigowa da kwanoni a rufe, na ɗauka dangin matar gidan ne. Ashe al'adar ita ce kowa ya zo da nasa a haɗa. Da na ce ko in soya cincin mu riƙa, Malam ya hana. Ya ce idan mutum ya kira ka gidansa ka je masa da abinci, ka gaya masa ke nan bai isa ya ciyar da kai ba. Haka muka je sau uku hannu Rabbana, muna ganin girmamawa muke yi.

A zuwa na uku wata mata ta dubi farantin Malam, ta ce wa ƙawarta "freeloader", suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ban san kalmar ba. A mota, a gaban Malam, na tambaya, har na faɗi wanda ake nufi da ita. Maigidana ya harare ni ta madubi. Da muka iso Malam ya shige ɗakinsa.

Washegari ya hau sama da ƙamus a hammatarsa.

"Amarya, na samo miki kalmarki," ya ce. "Biyu aka haɗa, kyauta da lodi. Mai loda wa cikinsa abin da wasu suka kawo, shi bai kawo komai ba."

"Ci-ma-zaune ke nan, Malam?"

"Shi. Ni ke nan."

Ya yi murmushi, ya rufe littafin.

Bayan mako biyu ya je wata gona ya yanka rago, ya gayyaci malaminsu da masu zuwa gidansa duka. Kwana biyu muna aiki, ni waina da miyar taushe, shi gashi. Ranar ya sa babbar riga ya tsaya bakin ƙofa. Suka fara isowa, kowa rungume da kwanonsa. Na ga yana karɓa ɗaya bayan ɗaya, yana godiya, fuskarsa na dusashewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Suka ɗanɗana naman, suka yaba ƙwarai, suka ƙoshi da abin da suka saba. Rabin ragon a kan tebur ya huce.

Daga ranar Malam bai ƙara sa hannu a abincin kowa ba, har namu. Na roƙe shi, na ce ni 'yarsa ce. Ya ce ya sani, Allah ya yi mini albarka, ya riga ya ci. Ta tagarsa nakan hango shi yana cin burodi da shayi a tsaye.

Ya gama karatu ya koma gida, can ya rasu. Har yau ban gaya wa iyalinsa cewa ni na ɗauko maganar na kai masa ba.