Sammacin da Na Ɓoye a Robar Daddawa

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman aure waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da na tsaya gaban alƙali a Makurɗi, riƙe da takarda mai warin daddawa, wannan kam har in koma ga Allah tana nan a raina.

Maigidana ɗan kasuwar doya ne. Yana shiga ƙauyukan Doma, wani lokaci ya tsallaka Binuwai, ya saya a hannun manoma ya kawo Lafiya. A shekarar da abin ya faru hawan jini ya kayar da shi a kasuwa, muka yi kwana tara a asibiti. Ranar sallama likita ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, magani rabi ne. Kada a bari abin tashin hankali ya kai kunnensa." Na ɗauki maganar nan amana. Wayarsa na kashe na jefa a akwati. 'Yan dubiya ma tun daga bakin ƙofa nake ja musu kunne.

Bai cika sati biyu a gida ba, wata rana bayan azahar yana barci, wani mutum a kan mashin ya yi sallama a gidanmu na Bukan Sidi. Ya ce shi masinjan kotu ne, ya kawo wa maigidan takarda. Na ce ba shi da lafiya, ba a tashinsa. Ya ce in dai ni matarsa ce in karɓa in sa hannu, na sa. Na yi sakandare, don haka ban nemi mai karanta mini ba. Sammaci ne daga wata kotun majistare a Makurɗi, ana neman maigidana ya je ya ba da shaida. Ban ma tsaya duba shari'ar waye ba. Kalmar kotu kawai na gani.

Na leƙa wurin maƙwabciyata, wata mai sayar da man ja da ba a taɓa tambayarta abu ta ce ba ta sani ba. Ta juya takardar ta ce, "Ke ma dai. Wannan ai ta Binuwai ce, mu kuwa Nasarawa muke. Takardar wata jiha iyakarta kan iyaka, ko ɗan sandansu ba ya tsallakowa da kaki. Ajiye abinki." Gaskiya ba don na yarda da iliminta ba ne, ta dai faɗi abin da nake son ji. Na naɗe takardar a leda, na tura ta ƙarƙashin daddawa cikin wata roba a kicin, don na san nan ne kaɗai hannun maigida ba ya zuwa. A ranar har nafila na yi, ina ganin na tsare mijina.

Wata biyu suka wuce. Ya fara zama a tsakar gida, har yana takawa masallaci. Wata safiya ina shara, sai ga wata mata ta shigo, ƙafafunta duk jar ƙasa. Na gane ta. Matar wani manomi ce ɗan ƙabilar Tibi da maigidana ya daɗe yana sayen doya a wurinsa, ta taɓa zuwa mana barka da ƙwaryar gyaɗa. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Mama, me mun yi wa Alhaji? Sau biyu kotu ya kira shi, bai zo ba. Waya a kashe. Yanzu alƙali ya sa hannu a kama shi."

A tsaye ta ba ni labarin. An yi faɗa kan iyakar gona a ƙauyensu, aka sassari wani, aka ce da mijinta a ciki. Alhali ran nan yana Doma tare da maigidana suna lodin doya tun safe har la'asar. Babu mai iya faɗin haka a yarda sai Alhaji. Mijin yana gidan yari, duk ranar zama sai a kawo shi, a kira shaida, a ji shiru, a mayar da shi.

Tsintsiyar na hannuna ban san lokacin da na sake ta ba. Maigida yana ɗaki, ya ji komai. Ya fito ya ce, "Wane kira? Ni ba wanda ya kira ni." Na shiga kicin na ɗauko robar, na buɗe a gabansu. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ni ce." Ya karɓa ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Ina jiran faɗa, ina kuma kallon fuskarsa ko jinin zai tashi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki ba baƙuwa ruwa." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina da yaya da ya yi aikin akawu a kotu har ya yi ritaya, shi na kira. Da ya zo na maimaita masa zancen maƙwabciyata, ya yi dariyar takaici. "Mai man ja ce lauyarki yanzu? Saurara. Takardar kamu ba ta ruɓewa, ba ta kuma tsayawa a kan iyaka. Ɗan sanda zai ɗauko ta daga can ya kai wa majistare a nan Lafiya. In ya duba ya gamsu, ya sa hannu a bayanta, shi ke nan ta zama kamar a nan aka haife ta. Ko a sahun sallar Juma'a ya fito za su iya tare shi."

Na ce, "Yaya, to ta yaya za mu san da gaske an fitar? Ko tsorata mu ake yi?"

Ya ce ba abu ne da ake dannawa a waya a gani ba, kuma bai kamata Alhaji ya shiga caji ofis yana tambaya ko ana nemansa ba, yana iya shiga bai fito ba. Hanya ita ce wani ya je rajistarar kotun da ta yi kiran, da lambar shari'ar da ke kan sammacin. Washegari da sassafe ya hau mota ya tafi, bayan la'asar ya dawo. Gaskiya ne. An sa hannu a takardar kamun, tana hannun ɗan sandan da zai kawo ta Lafiya. Ya ga lauyan manomin, suka tsaya a kan Alhaji ya kai kansa ranar zama na gaba, kwana huɗu ke nan, kafin a zo a ɗauke shi.

Kwana huɗun nan duk mashin ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai in leƙa ta taga. Ina tunanin mutumin da bai taɓa taka caji ofis ba, a fito da shi da ankwa gaban maƙwabta, da ciwonsa, saboda aikin hannuna. Na ce zan bi su Makurɗi. Yaya ya ce ba dole ba ne. Na ce sa hannuna ne a takardar masinja, ba nasa ba.

A hanya na zuba ido in ga wannan iyakar da na dogara da ita. Allo ne kawai a gefen titi. Kunyar doyar da ke wannan gefe ita ce a wancan, direba ko rage gudu bai yi ba.

Da aka kira shari'ar, lauya ya miƙe ya ce shaidan da ake nema ya kawo kansa. Alƙalin mace ce, dattijuwa. Ta tambayi Alhaji dalilin da ya raina kiran kotu. Ya buɗe baki, na ga alamar zai ɗora wa rashin lafiya don ya rufa mini asiri, sai na ɗaga hannu kamar 'yar aji. Aka ba ni izini. Na miƙa sammacin tare da katin asibiti. Magatakarda ya karɓa da yatsu biyu yana kawar da hanci, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na faɗi komai, har da robar. Alƙaliyar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin karanta takardar?" Na ce na karanta. "Kin duba sunan wanda ke tsare?" Na ce a'a. Ta nuna min manomin da biro, yana tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma.

Ban gane shi da farko ba. Mutum ne ƙaƙƙarfa da na sani yana ɗaga buhu shi kaɗai, ga shi riga tana yawo a jikinsa. Alƙaliyar ta yi mini faɗa sosai, ta ce abin da na yi yana iya jawo mini hukunci ni kaina, sannan ta soke takardar kamun. Alhaji ya shiga akwatin shaida ya ba da shaida, ya amsa tambayoyi kusan awa guda a tsaye. Jinin da nake tsoro bai motsa ba. Bayan wasu makonni aka sallami manomin.

Amma abin da ya fi zauna mini a ranar da muka je kotun a waje ya faru, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na kama hannun matar na ce ta yafe mini, tsoro ne ya sa, ban so in rasa mijina ba. Ta ce, "Na sani, Mama. Ni ma nawa miji ne." Ta ɓalle ayaba ɗaya daga wadda ta kawo wa mijinta ta miƙo mini. Na karɓa, na kasa ci.

Ni mutum ce mai saurin tausayi, a da har ina ganin wannan shi ne alherina. Ran nan na gane tausayina a bakin ƙofar gidana ya tsaya, kamar yadda na zaci takardar kotu za ta tsaya a kan iyaka. Ita ba ta tsaya ba, haƙƙin mutumin nan ma bai tsaya ba. Wata biyu na rayuwarsa suna wuyana, har yau ina sa shi a addu'a ina neman gafarar Allah. Tun daga lokacin, duk takardar da ta shigo gidan nan, mai daɗi ko marar daɗi, a hannun mai ita take kwana. Kuma kafin in ce ina kare nawa, sai na tambayi kaina waye zai ɗauki nauyin a can inda idona ba ya kaiwa.