Shawa a Tsakiyar Fili

Ban taɓa mantawa da hantsin da duron maganin feshi ya fashe wa Tanko a jiki ba. A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ne, gwamnati tana zuba wa manoman auduga taki da maganin ƙwari kamar ba za su ƙare ba. Ina riƙe da babban siton Ƙanƙara, inda ake juye maganin daga duro zuwa galan-galan, a aika Daudawa da Sabuwa. Lafiyar leburori ma tana wuyana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: wannan magani ba sai an sha shi yake kisa ba. Ta fata yake shiga. Rigar da ta jiƙe da shi kuwa ta fi komai haɗari, domin tana manne a jiki tana ƙara tura shi ciki. Ƙa'idar ita ce a tuɓe komai nan take, a shiga ƙarƙashin ruwa mai yawa, a daɗe, sannan a nufi asibiti.

Saboda haka aka aiko mana da shawar gaggawa daga Turai, irin mai sarƙa, kana ja ruwa ya kwararo. Injiniyan da ya kafa ta, wani Bature, ya zaɓi tsakiyar fili, tsakanin sito da ƙofar shiga. Ya ce dole kowa ya gan ta, kada komai ya tare hanyarta. Haka na gani a Ingila lokacin da na je kwas, haka kuma a gonakin audugar Sudan. Hujjarsa mai kyau ce.

Ran nan ana sauke duro daga mota, ɗaya ya kuɓuce, murfinsa ya ɓalle. Tanko, mutumin Mabai, shi ne a ƙasa yana tarba. Daga ƙirji har gwiwa ya jiƙe sharkaf. Muka ja shi da gudu zuwa shawa, na ja sarƙa, na ce, “Tuɓe! Riga da wando, duka!”

Ya tsaya a cikin ruwan, ya damƙe mazagin wandonsa da hannu biyu.

“Ranka shi daɗe, a haka ma ya isa.”

“Bai isa ba! Kashe ka zai yi!”

“To, in kwana ya ƙare ai shi ke nan.”

Wani abokin aikinsa ya ce, “Kai Tanko, mi gare ka wanda ba mu da shi?” Ba wanda ya yi dariya. Na lura gumi yana karyo masa duk da ruwan, yawu ya fara taruwa a bakinsa. Alamun farko ke nan. Na yi masa tsawa, na yi lallashi. Idonsa dai yana ƙasa, sai can ya saci kallon ƙofa.

A bakin ƙofar, maigadinmu Baba Ɗanjuma yana tsaye kusa da tabarmarsa. Sai a lokacin na tuna: Tanko ɗiyarsa yake aure. Mutumin da ko abinci ba ya ci a gaban tsohon nan, shi nake cewa ya tsaya tsirara a gabansa.

Tsohon ya riga ni ganewa. Ya sunkuci tabarmar, ya tako har bakin shawa, ya juya mana baya, ya ware ta a bayansa da hannu biyu kamar labule. Bai dubi Tanko ba, bai kira sunansa ba. Da ni ya yi magana.

“Malam, ka hwaɗa ma yaron wanga ni ba ni nan, na tahi Hwaskari. Ka kuma hwaɗa mashi, yarinyar da ke gidanshi ba ta yi girman takaba ba.”

Riga ta faɗo, wando ya biyo. Muka wanke shi da sabulu, ruwa yana zuba har ya jiƙa tsohon, bai motsa ba. Da tanki ya kusa ƙarewa aka lulluɓe Tanko da mayafin direba, muka kai shi asibiti. Ya sha allurai, ya yi kwanaki, ya tashi. Likitan ya ce da an kawo shi da kayan a jikinsa, da labarin ya sha bamban.

Da Baturen ya dawo na ba shi labari da Turanci. Kalmar kunya ce ta ba ni wahala, domin wadda suke da ita ba ta ɗauke ta ba. Da yake yana jin Faransanci, na gwada ta Faransancin, ita ma haka. Daga ƙarshe dai ya yarda a kewaye shawar da zana ta gefe uku, a bar bakin a buɗe ta wajen sito, a rataye zane mai tsabta a ciki. Haka aka yi a Daudawa da Sabuwa.

Ku da kuke zaɓen kayan kariya yanzu, ku duba ƙarfin ruwa, ku duba nisa, duk wajibi ne. Amma ni tun daga ranar, duk inda aka kai ni duba shawa, kafin in taɓa sarƙa sai na shiga ƙarƙashinta na tsaya, na ɗaga ido, na ga wa yake zaune a bakin ƙofa.