Kafaɗar Auta

Shekara talatin da ɗaya ke nan telan yana zaune a shago guda, daidai inda titin ya yi kwana, tsakanin mai aski da mai sayar da kayan famfo. Shagon ɗaki ɗaya ne: teburin yanka a tsakiya, keken ɗinki biyu a jikin taga, dutsen guga a kusurwa, sai dogon madubi wanda gefensa ya fara dushewa. Mutanen layin kuwa Mai Alli suke ce masa, domin ba a taɓa ganinsa babu guntun alli a bayan kunne ba, har ranar aurensa, in ji mai aski.

Ba ado ne ya fito da sunansa ba. Akwai waɗanda suka fi shi iya aiki a wuyan riga. Abin da ya iya shi ne jikin mutum. Tun yana koyon sana'a, maigidansa ya nuna masa cewa babu mahaluƙin da gefensa biyu suka zo daidai: wani hannunsa na dama ya fi tsawo, wani wuyansa ya ɗan karkata, wani kuma tumbi ya ja masa gaban riga sama. Aikin tela, in ji tsohon, shi ne ya gani, ya gyara a yadi, ya kuma kame bakinsa. Wanda ka gaya wa aibin jikinsa ba zai sake tako ƙofar shagonka ba. Mai Alli ya riƙe wannan darasi da hannu biyu. Akwai wani direban babbar mota da ya shekara goma yana kawo masa ɗinki, yana yabonsa a tasha, bai taɓa sanin cewa ana ƙara masa inci biyu a gaba ba.

'Ya'yansa huɗu. Uku sun girma sun kama gabansu, sai Auta, 'yar shekara goma sha uku, wadda tun daga rigar jarirai ba ta taɓa sa tufar da ba hannun ubanta ya yanka ba. Kowane farkon zangon karatu takan tsaya gaban madubin shago, ta miƙe hannuwa, ya auna ta, ya zana a takarda mai kauri, ya rubuta wata da shekara a gefe, ya rataye takardar a ƙusa bayan ƙofa.

Tana shekara goma sha ɗaya ya fara lura. Ya ɗora tef a kafaɗarta, sai ya ga ta hagu ta sauka da kwatan inci. Bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya rage a yanka, riga ta zauna ɗas. Zango na gaba ya ga rabin inci. Ya ce mata, "Tsaya sosai mana, kamar wadda ba ta ci abinci ba." Ta ce, "Baba, ai a tsaye nake." Ya yanko siririn soso, ya lulluɓe shi da yadi, ya ɗinke a cikin kafaɗar hagu, ya ƙara tsawon kalmasa ta gefe guda. Da shekara ta zagayo sai da ya ninka soson biyu, ya kuma saki bayan rigar ta dama domin allon kafaɗar da ya fara turowa. Duk wanda ya ga yarinyar a hanya sai ya ce kayan makarantarta sun fi na kowa zama a jiki. Shi kuwa yakan ji daɗin wannan magana har cikin ransa.

Wata ranar Laraba da hantsi, matarsa ta shigo shagon da wata riga a hannu, irin ta wasannin motsa jiki da makaranta ta raba wa ɗalibai, ɗinkin kamfani.

"Baban Auta, dubi abin da suka ba yara. Karkatacciya ce. Ta sa ta da safe, wuyan ya zame gefe guda kamar an rataya ta a ƙofa. Ka gyara mata kafin Juma'a."

Ya shimfiɗa rigar a tebur, ya ninka ta biyu, kafaɗa kan kafaɗa, gefe kan gefe. Ko zare ɗaya bai fita ba. Ya sake ninkawa. Ya daɗe yana shafa yadin da tafin hannu.

"Rigar lafiyarta ƙalau," ya ce.

"To mene ne ba lafiya?"

Matar ta dube shi, ta dubi rigar, ta ɗauke abarta ta fita.

Da yamma ta kira yarinyar ɗaki, ta sa ta cire riga, ta duba bayanta da idonta. Rabon da ta ga bayan 'yarta a fili tun yarinyar ta fara wanka da kanta tana rufe ƙofa. Ta fito tsakar gida ta gaya wa mijinta abin da ta gani. Washegari yayar matar ta kwatanta musu wata mata a bayan babbar kasuwa, wadda ta yi karatun gyaran gadon baya da hannu, kuma iyaye na kai mata yara.

Ranar Juma'a suka je, suka sami wurin a hawa na biyu. Akwai gado siriri mai tsagin da ake sa fuska, da ƙashin bayan roba a kan tebur, da zanen jikin mutum a bango. Mai gyaran bayan mace ce mai fara'a, gajera, da tabarau a rataye a wuya. Ta fara da yarinyar.

"Ajinki nawa? To, madalla. Wannan jakar taki, littattafai ne a ciki ko bulo?"

Auta ta yi dariya. Matar ta sa ta haɗa ƙafafu, ta haɗa tafin hannu, ta sunkuya a hankali kamar mai taɓa yatsun ƙafa. Nan take haƙarƙarin dama ya taso kamar tudu, na hagu ya kwanta. Uwar ta sa hannu a baki. Mai Alli ya kawar da kai, ya tsura wa ƙashin robar nan ido.

Matar ta bi gadon bayan da yatsu biyu daga wuya har ƙugu, ta ɗora wani ɗan ma'auni, ta rubuta. Sannan ta ce wa yarinyar ta sa rigarta.

"Zan faɗa muku gaskiya. Ƙashin bayanta ya lanƙwasa, kuma ba irin wanda zan danna da hannu ya miƙe ba ne. Duk wanda ya ce muku zai miƙar da shi da tausa, ku riƙe kuɗinku. Zan rubuta muku takarda ku je a ɗauki hoton ƙashi, ku ga likitan ƙashi a asibiti. Ni abin da zan iya shi ne in koya mata motsa jiki, in rage mata ciwo. Amma akwai abin da likitan zai tambaya, gara in riga shi. Tun yaushe aka fara gani?"

"Shekaranjiya," in ji uwar. "Wallahi shekaranjiya na gani."

"Babu wanda ya lura kafin nan? Ina tambaya ne domin saurin da yake ƙaruwa shi ne komai. Yarinyar tana tsakiyar girma. Idan tun tana ƙarama yake haka bai motsa ba, magana ɗaya ce. Idan kuwa gudu yake yi, ba za a jira ba."

Ta dubi uban. Ya ce, "Sai dai a duba," kuma ko shi kansa bai san me yake nufi ba.

Kwana biyu ya yi yana ɓata aiki. Ya ɗinka hannun riga a juye, ya farke. Ya bar dutsen guga a kan yadin wata malamar asibiti har ya yi ƙauri. Mai aski ya leƙo ya ce, "Mai Alli, ko tsufa ne ya zo? In ido ne, in ara maka tabarau na kakata." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Duk sanda ya rufe ƙofa domin ya ɗauko wani abu, sai ya ga takardun nan a ƙusa. Guda bakwai ne, da rubutun hannunsa. Ya sani sarai abin da ke cikinsu, domin shi mutum ne da ba ya rubuta awo da ka. Ya sha gaya wa kansa cewa shi tela ne, ba likita ba. Amma tela ne ya auna, tela ne ya ga lambar tana hawa, kuma tela ne ya zauna ya yi dabarar da za ta hana uwar yarinya gani, ta hana malamanta gani. Da ya kasance tela marar gwaninta, da tuni wani ya ce, me ya sami yarinyar nan?

Ranar da za su koma wajen mai gyaran bayan da hoton ƙashin, ya sauke takardun, ya naɗe su, ya ɗaure da ƙyalle.

"Me za ka yi da wannan tarkace?" matarsa ta tambaya a hanya.

"Za ki gani."

A kan gadon nan siriri ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin watanni. Ya nuna da yatsa, muryarsa a ƙasa, kamar ɗalibin da ke karanta laifinsa gaban aji.

"Wannan tana sha ɗaya: kwatan inci. Wannan rabi. Nan ma rabi. Nan kwata uku. Daga bara zuwa yanzu ya tashi daga kwata uku zuwa inci ɗaya da rabi. Wannan alamar soso ce da nake sa mata a kafaɗa."

Mai gyaran bayan ta sa tabarau, ta bi takardun a hankali.

"Shekara biyu," in ji uwar. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara biyu kana gani, muna ci a kwano ɗaya, ba ka ce mini komai ba? Ni ce nake wanke rigunan nan. Na sha jin soson a hannuna, na ce gwaninta ce."

"Na ɗauka irin na kowa ne."

"'Yarka ce kowa?"

Auta ce ta yi magana daga inda take zaune, tana wasa da igiyar jakarta. "Ni na san da soson. Na ɗauka haka Baba yake yi wa duk wanda yake so."

Mai Alli ya sunkuyar da kai kan takardun.

Mai gyaran bayan ta tattara takardun. "Malam, ba zan ce maka jinkirin bai yi komai ba, domin ya yi. Da an zo tun a rabin inci, da aikin ya fi sauƙi. Amma ka kai wa likita waɗannan yadda suke, kada ka rage ko ɗaya. Hoto yau kaɗai yake nunawa. Waɗannan sun nuna hanyar da aka biyo."

Likitan ƙashi ya duba hoton, ya duba takardun, ya ce ba za a jira wata shida a sake gwadawa ba kamar yadda ya fara niyya. Aka auna yarinyar, aka yi mata rigar roba mai tauri, daga hammata zuwa ƙugu, da maɗauri uku a baya. Za ta sa ta sa'a goma sha takwas kullum har ta gama girma. Idan lanƙwasar ta tsaya, shi ke nan. Idan ta ci gaba, sai a yi maganar tiyata. Babu wanda ya yi musu alkawari.

Makonni matar Mai Alli ta yi tana ajiye masa abinci ba tare da ta zauna ba. Maganarsu ba ta wuce ta ruwa da wuta da ranar komawa asibiti.

Safiyar da Auta za ta fara zuwa makaranta da rigar robar, uwar ta gwada ɗaure mata, ta kasa. Likita ya ja layi da baƙin alƙalami a kan kowane maɗauri, ya ce a ja har layin, ko da yarinyar ta yi kuka. Uwar ta leƙo ƙofa.

"Zo ka ɗaure mata. Ni ba zan iya ba."

Ya durƙusa a bayan 'yarsa. Ya ja na ƙasa har layi, ya ja na tsakiya. Da ya kama na sama, yarinyar ta ja numfashi ta riƙe gefen gado.

"Baba, ya isa haka. Ka bar shi nan, babu wanda zai sani."

Saura kamar faɗin yatsa ya kai layin. Ya tsaya da maɗaurin a hannu. Yana jin matarsa a tsaye a bayansa.

"Yi haƙuri, uwata," ya ce. "Saki numfashi."

Ta saki, ya ja har layin, ya manne. Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu, ta ƙi kallonsa. Uwar ta sa mata riga a kai, ta ɗauki jakar littattafan ta miƙa wa mijinta.

"Ka kai ta har ƙofar aji," ta ce. "Kuma ka nemi malamarsu ka yi mata bayani da bakinka."

Ya rataya jakar a kafaɗarsa, ya jira yarinyar ta gama sa takalmi, domin yanzu sunkuyawa tana ɗaukar ta lokaci.