Kwalbar da Baffa Ya Fasa

Ba a daɗe da ba mu jiha ba malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta, kowa ya kama gabansa. Ina digiri na biyu a fannin lantarki a lokacin, kuma duk aikina ya dogara ne da wani abu mai kama da kwalbar tangaran, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, da sandar jan ƙarfe ta kowane gefe.

Abin da muke yi ba shi da wuyar faɗi. Za a tara wuta mai yawa a cikin wani ƙaton naɗin waya, sannan a katse ta farat ɗaya, sai ƙarfin da ya taru ya fito gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. Katsewar ce wahala. Makunni irin na gida narkewa zai yi, domin wutar kan bi ta cikin iska ta tsallaka ta ci gaba da ci. Shi ya sa ake rufe makunnin a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska ƙaf, aka liƙe ta tun daga masana'anta. Ɗaya ce tak a sashenmu, malamina ne ya riƙo ta a hannu daga ƙasar da ya yi karatu. Da ya ga duk hutu sai an fasa ɗakunan gwaji an kwashe jan ƙarfe, sai ya ce in tafi da ita gida, wai ƙauye ya fi amana.

Na naɗe ta da tsohon bargo na tura ƙasan akwatina a gidanmu da ke Kalgo. Ban gaya wa kowa ba, don a gidanmu in ka ce kada a taɓa abu, to ka gayyato unguwa kallo ke nan.

Da damina ta kankama taifot ta kayar da ni, aka kai ni asibiti a Birnin Kebbi ban san wanda ke kaina ba. Inna ta ga ina sambatu, sai ta aika Gwandu aka kirawo Baffa, ƙanen marigayi mahaifina. Baffa dillalin hatsi ne, amma babu cutar da ba shi da ta cewa a kanta. A wajenmu in ciwo ya ƙi jin magani, ɗakin mara lafiya ake bincikewa, a tone bakin ƙofa, a duba rufi, a zazzage akwati, ko an yi masa sammu. Haka suka yi, suka kuwa ci karo da abu mai nauyi a ɓoye cikin bargo, ba baki ba murfi. Sun girgiza ba su ji motsin komai ba, wannan ya ƙara tabbatar musu sammu ne. Baffa ya kai ta bayan gida ya sa mata ƙotar gatari, aka tattara guntayen aka zuba a gulbi.

Ni kuma allurai suka fara aiki, na buɗe ido.

Ranar da aka sallamo ni, Inna ta zauna kusa da ni fuskarta fal murna ta ce, "Ɗana, mun gano abin da anka yi maka. Baffanka ya hwasa shi, ga ka nan ka tashi."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ta saurare ni da tausayi, daga ƙarshe ta ce ashe ma wanda ya ba ni ita shi ne maƙiyin. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma babu wanda zan sauke shi a kansa, don kowa a gidan ƙaunata ce ta sa shi.

Da aka buɗe makaranta na je na gaya wa malamina. Bai zage ni ba, na so a ce ya zaga. Ya tambaya ko sandunan jan ƙarfen sun tsira, na ce suna gulbi. Ya ce babu hanyar samun wata, in nemi abin yi. Shekara ba ta zagayo ba ya tattara ya bar ƙasar nan. Ban gama digirin ba, na dawo na kama koyar da kimiyya a sakandare.

Inna ta matsa sai na je Gwandu na yi wa Baffa godiya, wai rashin zuwana ya fara zama abin magana. Na tarar da zaurensa cike da mutanen Masama da Dalijan, kowa da mara lafiyarsa a gida, don labari ya bazu cewa Baffa na karya sammu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni karatu, na ce ya ƙare.

"Madalla," in ji shi. "Lahiya ta hi. Tashi tsaye su gan ka."

Na miƙe, suka dube ni sama da ƙasa suna yi wa Baffa addu'a.