Kawu Ɗanjuma da Dangin Naushi

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma mahauci a kasuwar Tudun Wada ya san ba ya raba faɗa. In mutum biyu suka kaure, jama'a na riƙo, shi sai ya ajiye wuƙa ya tsuguna yana kallon ƙafafunsu. In an gama ya kira wanda aka kayar ya ce, "Ka ba ni kunya. Wannan taɗiyar ko a Indiya an san maganinta."

Tsohon ɗan dambe ne, bai taɓa wuce Kano ba, amma ra'ayinsa ɗaya: dambe, kokawa, kareti, duk 'yan ɗaki ɗaya ne, ba wanda ya isa ya ce nasa ne shi kaɗai. Ni ɗan ƙanwarsa ne, tebur ɗaya muke sayar da nama, shi ya sa in na ji ana cewa wai taɓin hankali gare shi raina yake ɓaci. Lafiyarsa ƙalau. Haƙuri ne kawai ba shi da shi.

Kun tuna ɗan bautar ƙasar nan ɗan Kudu da ya zo yana koyar da kareti a filin makaranta? Shi ne ya ce a gaban mutane wai dambe faɗan ƙauye ne, nasa kuwa ilimi ne daga ƙasashen waje. Maganar ta iso teburinmu kafin azahar. Kawu ya bar ni da cinya rabi a yanke, ya tafi da jini a gaban rigarsa.

"Malam, nuna min ilimin."

"Baba, ka tsufa."

"Na sani. Nuna min."

Malamin ya ɗaga ƙafa a hankali, don girmamawa. Kawu ya shige ƙarƙashinta, ya ɗora shi a ƙugu, ya shimfiɗe shi a ƙasa da farin kayansa. Malamin yana kwance ya ce, cikin gurguwar Hausarsa, kakansa ma haka yake kayar da mutane a wasan bikin doya. Muka ɗauka Kawu zai ji daɗi. Ina, sai ya ƙara hawa.

"Kakanka ya iya, shi ne ka tsallake shi ka tafi aro? Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar har malamin ya gama hidimarsa, kullum sai Kawu ya aika masa da hanta.

Sai kuma ranar da wani ɗan Caina daga wajen masu haƙar ma'adinai na Riruwai ya tsaya sayen nama tare da direbansa. Kawu ya daɗe yana jiran irin wannan rana. Ya zagayo tebur, ya ware ƙafa, ya dunƙule hannu, ya ce wa direban, "Gaya masa ɗan'uwansa na gaishe shi. Ya gwada min shurin garinsu."

Bawan Allah ya ga ƙaton tsoho ya dunƙule masa hannu, ya ja baya har ya taka tiren nama. Direban ya tambaye shi, ya juyo yana dariya. "Baba, ya ce shi mai dafa abinci ne. Bai taɓa dukan kowa ba."

Kwana uku Kawu yana mita. "Ɗan Caina guda, bai iya shuri ba. To su wa muke kallo a fim? Ashe su ma sun watsar da gado kamar mu."

Amma abin da har yau ban yafe ba shi ne na Bebeji. 'Yan dambe suka yi taro a garin za su ba shi sarautar sarkin dambe, an sayo rawani, mun yi hayar mota. Mai gabatarwa ya ce Kawu ya tashi ya shaida wa duniya cewa daga wurin Bahaushe kowa ya saci faɗa. Ana ta tafi. Kawu ya karɓi lasifika ya ce, "Ƙarya ne."

Ya gyara riƙon lasifika ya ci gaba.

"Ba wanda ya saci na wani. Duk inda mutum yake da gona ko garke, dole ya koyi tsare su, kuma hannu biyu Allah ya ba kowa. Na yi faɗa da Bafulatani a Falgore, na yi da Bagwari, na yi da Bazabarme, kowanne na bar masa wani abu, na taho da wani. In don in yi ƙarya za ku naɗa ni, ku riƙe ƙyallenku."

Suka riƙe kuwa. Suka naɗa wani da Kawu ya taɓa kashewa a turmin farko, wato ya kai shi ƙasa da naushi ɗaya. A mota na ce, "Kawu, da ka yi shiru minti biyu kawai."

Ya ce, "Kai ma da ka yi shiru yanzu."

Bayan rasuwarsa ni na tattara kayan ɗakinsa. Ina naɗe tsohon zaren da yake ɗaure hannu da shi, matarsa Inna Hajara ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ka san hannun nan da ake tsoro? Tun da ya kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga shi a kaina ba, ko a kan ɗa." Ta karɓi zaren ta koma ɗaki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya ba shi littafinsa a wannan hannun na dama.