Ranar da Uwar Kumfa Ta Yi Shanya

Ƙanwar mijina ce, Allah ya jiƙansa. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa Uwar Kumfa yake ce mata, har ’ya’yanta idan suna so su tsokane ta. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba, amma na ga ya kamata a rubuta abin da ta yi, don an fara ba da labarin ana ƙara masa gishiri, ni kuwa ina wurin.

Wanki da guga take yi. Asali sana’ar mijinta ce. Shi ya kama shago a layin shagunan hukuma da ke bayan tasha, ita tana gida tana raino. Da ɓarin jikinsa ya shanye, ’yan’uwa suka ce a mayar da shagon a huta. Ta ce a huta a ci me? Washegari ta ɗaura zane ta tafi. A shagon nan ta yaye ’yar autarta, da shi ta biya wa yara makaranta, da shi take sayen maganin mijin. Kullum da safe sai ta turo shi a kekensa ta ajiye shi a bakin ƙofa, yana kallon titi yana lazimi, mutane suna gaishe shi yana ɗaga musu hannun da ke motsi.

Shagon bai fi ɗakin kwana ba. Akwai famfo a baya, da manyan bahuna, da tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, duk ya yi tabon ƙuna. Dutsen guga biyu gare ta, na wuta da na gawayi, ta ce na gawayin ne bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ba ta rubuta sunan kowa a kaya. Ta ɗaga riga ta duba wuyanta, ta ce wannan ta direban nan ce mai tsamin zufa. Hannuwanta kuwa duk sun tsage, har ba ta son miƙa su a gaisa.

Sai masaƙar garin ta rufe. Ɗana yana cikin waɗanda aka sallama. Layin shagunan ya yi sanyi, don masu aski da masu wanki duk daga albashin masaƙar nan suke ci. Uwar Kumfa ta rage cefane, ba ta rufe ba ko na yini ɗaya.

Ana cikin haka rediyo ya fara cewa gwamnati za ta zuba kuɗi don farfaɗo da kasuwa a samar wa mutane aiki. Aka ce an tara masana sun zauna sun yi nazari. Ban raina zamansu ba, don a cikin abin da suka tsara ne ɗana ya samu aikin gina kwalbatoci, kuma na yi sujada na gode wa Allah. Amma a cikin tsarin akwai wani reshe da ya faɗo kan layin bayan tasha. Aka ce shagunan hukuma za su koma na masu sabuwar sana’a. Za a koya wa mutane haɗa sabulun ruwa, a ba su kayan aiki da shago. Wanda yake cikin shago yana iya zama idan ya shiga shirin. Shirin kuwa na marasa aikin yi ne kawai, kuma za a zo a tambayi kowa da bakinsa.

Mai Aski shi ne shugaban ’yan layin. Ya tara su bayan la’asar a ƙofar shagonsa, ni ma ina wurin, na kai wa ƙanwar tawa saƙo.

Ya ce, “Abin ba wuya. Ranar da za su zo, kowa ya kwashe kayan aikinsa ya kai gida. A cire allo, a share shago, a zauna a yi tagumi. In an tambaye ka, ka ce ba ka da aikin yi. In sun tafi, kowa ya dawo da kayansa, ya ajiye jarkar sabulu a gaba. Shi ke nan.”

Kafinta ya ce, “Ni ba sai na koyi tagumi ba, na iya tun da aka rufe masaƙa.”

Aka yi dariya. Uwar Kumfa ba ta yi ba.

Ta ce, “Ni ranar ina da wanki.”

“Ki ɗaga shi mana.”

“Labulen asibitin kan kwana ne. In ce musu marasa lafiya su kwanta a tsirara saboda Mai Aski ya ce a yi tagumi?”

“Uwar Kumfa, kalma nawa ce? Ba ni da aiki. Ko aku aka koya wa zai faɗa.”

“To a kawo aku ya zauna a shagon.”

Mai Aski ya sassauta murya. Ya ce ta dubi mijinta, ta dubi inda za ta kai famfo da bahuna idan aka karɓe shagon. Ya ce kuma kada ta ja musu, don in baƙi suka ga shago ɗaya yana aiki za su fara leƙa sauran. Ta ce ita ba za ta tona kowa ba, kowa da bakinsa. Ta kama keken mijinta ta tura.

Da ta zo gidana washegari, na zuba mata ruwa na zauna. Tsakanina da ita akwai wasa, matar yaya take ce mini har yau.

Ta ce, “Matar yaya, ke ma cewa za ki yi in faɗa?”

Na ce, “Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Tsoron shagon nake ji miki.”

“Ni ma ina ji. Jiya ban runtsa ba.” Ta buɗe tafukan hannunta a kan cinyarta. “Amma dubi nan. Da waɗannan zan zauna gaban mutane in ce ba ni da aiki? A gaban wannan bawan Allah da nake turowa kullum? Shi ya koya mini kama dutsen guga da hannu ɗaya, yana zaune. In na faɗa, me ya rage mana?”

Na ce mata ranar zan zo in taya ta matsa, labule yana da nauyi.

Ranar zuwan baƙin, da hantsi na isa layin, na tarar da shi kamar an yi rasuwa. Allon Mai Aski babu, madubinsa babu. Kafinta ya kwashe zartuna da katako. Mai gyaran waya ya zauna a kan benci ya sa tsohuwar riga, wadda na san ba ita yake sawa ba. Kowa ya zabga tagumi.

A ƙarshen layin kuwa Uwar Kumfa ta ja igiya daga ƙofarta har sandar lantarki. Ba ta saba shanya a gaba ba, a baya take yi. Ranar ta ce bayan ba ya samun rana. Muka matse labulen nan farare muka shanya, iska ta shiga cikinsu suna kaɗawa, ana hango su tun daga tasha. Ta hura gawayi, hayaƙi ya tashi. Mijinta yana kekensa da carbi, na ga gefen bakinsa da ke motsi yana rawa.

Mai Aski ya leƙo ya ce, “Allah ya isa, Uwar Kumfa.”

Ta ce, “Koma ka zauna, tagumin zai huce.”

Baƙin suka zo a farar mota. Jami’in hukuma ne a gaba, sai wata mata mai tabarau da ake ce wa Dakta, an ce tana cikin masanan da suka tsara shirin. Ba ta kai ’yata ta fari shekaru ba. Suka bi shago shago. Ina tsaye ina kallonta. A ƙofar Mai Aski idonta ya sauka a kan gashin da tsintsiya ta bari a lungu, ya ɗan tsaya, ya wuce. A wurin Kafinta ta dubi garin katakon da ke gemunsa. Kowa ya ce ba shi da aiki, ta gyaɗa kai.

Da suka iso wurinmu sai da ta sunkuya ta ratso ƙarƙashin labule. Ta gaishe da mai gidan, ta gaishe ni, sannan ta ce, “Mama, sannu da aiki.”

Uwar Kumfa ta ce, “Yauwa. Kin ma amsa tambayar da kanki.”

Dakta ta yi murmushi. Ta ce, “Mama, an yi miki bayanin shirin?”

“An yi. An ce in ba ni da aiki a bar mini shagona, in ina da aiki a karɓe.”

“Ba don a cuce ki aka yi haka ba. Kuɗin ba su da yawa, mutanen da aka sallama kuma suna da yawa. In muka ba wanda yake da sana’a, ba mu ƙara aiki ko ɗaya a garin ba. Abin da ake so a gani shi ne sabon aiki.”

“Na ji, ’yata, kuma ban ce ki ba ni kuɗi ba. Ɗan wannan matar ma a wurinku ya samu aiki, mun gode. Ni cewa na yi a bar ni inda aka same ni. In kin cire ni kin sa wani, naki sabon ya shiga lissafi. Nawa tsohon da ya mutu fa, a wurin wa zai shiga?”

Dakta ta cire tabarau ta goge. Ta ce, “Ba a ce mu duba wannan ba. Na yi maganar a zamanmu, aka ce sai zagaye na gaba.” Ta dubi jami’in, ta matso kusa ta rage murya. “Mama, ai kasuwa ta faɗi tun da aka rufe masaƙa. In kika ce aikin ba ya riƙe ki, ba ƙarya kika yi ƙwarai ba. Ni zan karɓa a haka.”

Hanya ce yarinyar ta buɗe mata, kuma da kyakkyawar niyya. Duk ’yan layin sun bar tagumi sun zuba ido.

Uwar Kumfa ta ɗauki dutsen guga ta yarfa masa ruwa, ya yi cuu. Ta ce, “Yana riƙe ni. Da ƙyar, amma yana riƙe ni. Ina da aiki, ’yata. Ki sa haka.”

Jami’in ya ce, “Kin san abin da zai biyo baya?”

“Na sani. Matsa kaɗan, ranka ya daɗe, kana taka mini igiya.”

Dakta ta ce Allah ya ba mai gida lafiya, ta sake sunkuyawa ta fita.

Kafin wata ya ƙare aka karɓe shagon. Sauran duk an bar musu nasu. Ba wanda ya zo ya taya ta kwashe kaya sai Kafinta, shi ma kansa a ƙasa. Mijinta ne ya fi ba ni tausayi. Ya riƙe ƙofar da hannunsa mai lafiya, sai da ta durƙusa ta yi masa magana a kunne sannan ya saki. Ban ji abin da ta ce ba, ban kuma tambaya ba.

Gidansu na haya ne, ba fili. Na ce ta zo tsakar gidana, tun rasuwar yayanta ba abin da ke cikinta sai kaji. Famfona ba ya kawo ruwa kullum, sau da yawa sai mun saya. Asibitin kan kwana sun daina ba ta labule, sun ce ba sa kai kaya gidan mutane. Kwastomomi da dama sun tafi. Bayanta ya ƙara sunkuyawa, don yanzu ita ke bin gidaje ta karɓo ta mayar. Abin da ya ɗan tallafe ta shi ne abokan aikin ɗana, masu kwalbati, da kayansu ke cika da siminti. Zagaye na gaba da Dakta ta ambata, har yau ba mu ji shi a rediyo ba.

Layin bayan tasha kuwa ya cika da sabulun ruwa. Kowane shago da jarkoki a gaba, kore da shuɗi, mai aski yana aski a bayansu, kafinta yana fiƙe katako. Masu sayarwa sun fi masu saye. Babbar mai sayensu ita ce Uwar Kumfa, kuma sai ta zuba a tafin hannu ta murza ta ga kumfarsa kafin ta taya.

Akwai hanya ta baya da ta fi kusa da gidana. Na ce mata ta riƙa bi ta can, ta huta da ganin shagon. Ta ce ƙafarta ba ta san can ba. Kullum da safe ta layin take bi, ƙullin wanki a ka, tana tura mijinta a gaba. In ta zo daidai ƙofar Mai Aski sai ta ɗan tsaya ta gyara ɗaurin zane.

Ta ce, “Sannunku da rashin aiki.”

Da farko ba ya amsawa. Yanzu yakan ɗago da almakashi a hannu ya ce, “Yauwa, mai aiki. A gaida matar yaya.”