Gungumen Kaka Yun

"Wai wannan ƙarar ta mece ce tun da sassafe?"

"Tsohon nan ne na ƙasan bene. Ya kunna injinsa."

"Mutum ya gudo wa ƙanƙara ya zo hutu, sai ya goyo masana'anta a baya!"

"Rabu da shi. Matarsa ma ta yi ta fama har ta mutu, ke ce za ki gyara shi?"

Luan Baoku matan saman bene suke nufi, kuma ta taga yana jin su. Garinmu ɗaya da shi, Jiamusi. Shekara talatin da takwas ya yi yana tsaye gaban injin juya ƙarfe, har ranar da aka rufe masana'antar aka sallame su da takardar yabo. Hannunsa ya ƙi zaman banza, sai ya koma itace: ya ɗaura gungume a inji, yana juyawa yana fafewa, har akushi ya fito. Da huhunsa ya lalace, likita ya ce hunturun garinmu zai kashe shi. 'Yarsa ta kama masa ɗaki a Lingshui, can kudu a tsibirin Hainan, inda tsofaffinmu ke sauka duk Nuwamba su tashi a Afrilu.

Mu muna karta, mata na rawa a fili, shi kuma yana bin ƙauyuka a keke yana neman itace mai tauri. Ya sha wuya. Na kwakwa soso ne, na bishiyar roba ya yi fumfuna kafin sati. A kasuwa da sun ji harshenmu na arewa sai su miƙo masa katakon banza da aka shafa wa launi. Mutanen wurin dama ba sonmu suke ba, sun ce mun tsadar da kifi, kuma ba mu iya magana a hankali ba. Hunturu huɗu yana wannan yawo.

A na biyar ya same shi, a bayan wani gida: gungumen itacen lici, ja kamar hanta, busasshe ƙayau. An ɗora shi a kan duwatsu, an yi masa rumfar kwano, an shafe shi da mai. Wani mutum mai suna A-Liang ya fito yana tauna goronsu, baki jajir, ya kira shi Shifu, wato gwanin sana'a.

"Kana so, Shifu? Ɗauka mana. Tare mana hanya kawai yake."

Suka daidaita nan take. Baoku bai tambayi dalilin da zai sa a yi wa gungume rumfa ba. A wurinmu an daɗe ana ƙona gawa, wa yake ajiye wa kansa itace?

Gida goma sha biyu ya yanka shi. Cikin wata ɗaya ya fafe akushi goma sha ɗaya, in ka ƙyasta ɗaya da farce sai ya yi amo kamar ƙararrawa. Ni dai ban taɓa ganin haƙoransa ba sai a watan nan.

Ranar wata Laraba muna ɗakinsa, babur mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. A-Liang ya sauko da wata tsohuwa 'yar ƙarama, da sandarta, da alamar allurar asibiti a bayan hannu. Uwarsa ce, Kaka Yun. Ta shigo ba gaisuwa, ta bi akusan da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ne mai hannun?" ta ce da guntun yarenmu.

"Ni ne, Kaka."

"Ka iya. Mijina ya sare bishiyar, ya raba biyu. An yi masa akwatin gawa da nasa, ya tafi a ciki. Wannan nawa ne. Shekara ashirin da biyu ina shafa masa mai."

"Mama, don Allah," in ji A-Liang, "wa ake sakawa a akwati yanzu? Kowa ƙona shi..."

"Rufe bakin nan naka mai kama da na yankakken zakara! Sati shida na yi a gadon asibiti, ka ƙosa in mutu ko?"

Baoku ya shiga tattara akusan, yana jera mata a gaba.

"Ban sani ba, Kaka. Na rantse ban sani ba. Kwashe su duka."

"In yi me da su? In kwanta a akushi kamar shinkafa?" Ta buga sanda a ƙasa. "Kun zo kun cinye kifin, kun cika bakin teku, mun yi shiru. Har makwancina, ɗan arewa?"

Mutumin da ya shekara yana zagin shugabannin masana'anta a fuskarsu, ranar nan ya tsaya kamar an dasa shi, garin katako har gira.

Sai idonta ya kai lungu, inda yanki na goma sha biyu yake jingine, ƙarfe bai taɓa shi ba. Ta taka a hankali, ta dafa shi, ta auna faɗinsa da tafin hannu, ta auna tsayinsa. Ta daɗe a haka.

"Tun da dai toka suke so in zama," ta ce, ba ta ko dubi ɗanta ba, "Shifu, wannan kada ka yi akushi da shi. Ka fafe mini tulu mai murfi, wanda zai ɗauke ni duka. Kuma ka yi sauri."